DARIYAR DA ZA TA CI MU: RADDI GA MASU YI WA MOTA MAI LANTARKI BA'A

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, saboda haka ba sai na kama suna ba. A zangon karatun da ya wuce muna zaune a ɗakin shan shayi na malamai, sai wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, fanka ta yi ta rage gudu har ta tsaya cak. Wani daga cikin manyanmu, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, ya ɗaga jaridar da ke hannunsa ya nuna mana hoton wata mota mai aiki da lantarki, ya ce, "Ku dubi abin da ake so mu saya. Wutar da ba ta ishe mu guga ba, ita ce za ta kai mu Kano?" Ɗaki ya kece da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Da dariya ta lafa sai na tambaya, shin a cikinmu wa ya san yadda abin nan yake tafiya? Mu takwas ne a wurin, biyar daga ciki da digirin digirgir, amma babu wanda ya amsa. Shi kuwa dattijon sai ya rufe zancen da cewa ai wannan aikin 'yan kimiyya ne, kuma ko da mun sani, Hausa ba ta da kalmomin da za a faɗe shi da su.

Maganar nan ta biyu ita ce ta tsaya mini a rai. A ce malamin Hausa, mai ci da sha da Hausa, shi ne zai yanke wa harshen hukuncin gazawa ba tare da ya gwada shi ba! Ya manta ke nan cewa tun zamanin Turawa Abubakar Imam da Dokta East suka rubuta Ikon Allah, suka bayyana al'amuran halitta iri-iri da Hausar da ɗan firamare zai gane. Ya manta Aliyu Namangi, makaho, ya yi wa keke waƙa, kuma Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Mutanen nan ba su jira an ƙirƙiro musu kalma a wani taron ƙara wa juna sani ba. Sun fahimci abu, sannan suka faɗe shi. Abin da na yi niyyar yi a wannan maƙala ke nan. Zan bayyana yadda motar take aiki da Hausa tsantsa, sannan in nuna wa mai karatu abin da dariyarmu take ɓoyewa, domin a ganina akwai dukiya da rayuka a ƙarƙashinta.

Mu fara da abin da muka sani, watau motar fetur. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ya ga an buɗe inji ya san cewa abin da ke faruwa a ciki gobara ce da aka tsare a cikin tukunya. Ana zuƙo iska da fetur cikin silinda, fistin ya matse su, filogi ya ƙyasta, abin ya fashe, ƙarfin fashewar ya tura fistin ƙasa, fistin ya juya karanshaf, hayaƙi ya fita ta salansa. Haka ake ta yi sau dubbai a cikin minti ɗaya. Dabara ce mai ban mamaki, ba na raina ta. Sai dai almubazzara ce. A cikin ƙarfin da ke cikin man da ka saya, abin da yake isa taya bai cika wuce kashi 30 cikin 100 ba, a cikin gari ma ya kan gaza haka nesa ba kusa ba. Saura zafi ne. Shi ya sa aka yi lagireto da fanka da ruwa, aikinsu kawai su zubar da zafin da ka biya kuɗinsa. Duk lokacin da ka sayi man naira dubu goma, to, ka sani wajen dubu bakwai iskar gari ka ɗumama da su. Kuma kowace lita ɗaya da ta ƙone ta kan bar hayaƙin kabon mai nauyin fiye da kilo 2 a sama. Ban taɓa jin an yi wa wannan dariya a ɗakin shayi ba, saboda sabo ya mai da shi kamar halitta.

To, ita mota mai lantarki babu gobara a cikinta. Gaɓoɓinta manya uku ne: batir, da inbata, da injin juyawa wanda makanikai ke kira moto.

Batir shi ne tankinta, kuma irin wanda ke cikin wayar da ke aljihunka ne, sai dai an haɗa ɗaruruwa ko dubbai an shimfiɗa su a ƙarƙashin kujeru, nauyinsu ya kan kai kilo 300 zuwa 500. Kowane ɗan batir yana da ɓangare biyu, kamar unguwanni biyu da rafi ya raba. Ɗaya an yi shi da irin baƙin abin nan na cikin fensir, ɗaya kuma da gaurayen ma'adinai. Mazauna wurin su ne ƙwayoyin wani ƙarfe mara nauyi da ake kira litiyam, wanda duk cikin ƙarafa babu mai sauƙin nauyinsa. Asalin gidansu unguwar ma'adinai ce. Idan ka jona caji, ƙarfin wuta ne yake korar su su haye zuwa unguwar fensir su zauna a takure, kamar yadda ake tura ruwa da inji ya hau tankin da ke bisa bene. Da zarar an ba su hanya sai su nemi komawa gida. A nan dabarar take. Kowace ƙwayar litiyam tana tafe da wata 'yar ƙwayar lantarki da ake kira ilektaron. Ita ƙwayar litiyam tana iya ratsa rafin da ke tsakani, amma ilektaron ba ya iyawa, tilas ya zagaya ta gada, ya sadu da ita a can ƙetare. Gadar nan ita ce wayar da aka ja daga wannan kai na batir zuwa wancan. Ka ɗauka makiyayi ne ya yi iyo ya haye, shanunsa kuwa suka bi ta gada. Mai wayo sai ya ɗaura musu amalanke su ja masa kafin su sauka. Kwararar ilektaron a cikin waya ita muke kira wutar lantarki, amalanken da aka ɗaura musu kuwa ita ce motarka.

Moto kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Fankar da ta tsaya a ɗakin shayi ran nan, wadda muka zauna ƙarƙashinta muna dariya, ƙanwar injin motar ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tun shekarar 1820 wani masani a ƙasar Denmak ya lura cewa idan wuta ta bi ta waya, wayar ta kan zama maganaɗisu. A shekarar 1821 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa da wannan ana iya juya abu. Kowane yaro da ya taɓa wasa da maganaɗisun tsohuwar rediyo ya san cewa wani gefe yana jawowa, wani yana turewa. To, a cikin moto akwai ganga wadda ba ta motsi, an nannaɗe cikinta da wayar tagulla kashi uku. A tsakiya kuma akwai sanda mai juyawa, wadda a yawancin motocin yau an dasa mata maganaɗisu masu ƙarfi. Ana ba kashi na farko wuta ya jawo sandar, kafin ta iso sai a ba na biyu, kafin ta iso sai a ba na uku, a sake komawa na farko. Jan maganaɗisun sai ya riƙa zagaya gangar, sandar tana binsa ba ta kama shi. Wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya ga hoton abin: wannan ta saki, wannan ta ɗaga, taɓarya ba ta karo da taɓarya, turmi kuma ba ya hutawa.

Wa ke ba su kiɗan luguden? Inbata. Wutar batir hanya ɗaya take bi, kamar ruwan kogi. Wadda moto yake so kuwa mai kai da komo ce. Inbata ita ce ke yanka wutar batir, tana buɗewa tana rufewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ta raba wa kashi ukun nan bi da bi. Idan direba ya taka totur, babu man da yake ƙarawa, saƙo kawai yake aika wa inbata cewa ta ƙara ƙarfi ta hanzarta kiɗa. Idan yana son ribas, sai inbata ta juya tsarin luguden, na uku ya riga na biyu, sandar ta juya da baya. Saboda moto yana da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, kuma yana iya juyi fiye da sau 10,000 a minti, yawancin motocin nan giya ɗaya gare su. Babu kuloci, babu filogi, babu kafireta, babu salansa, babu juyen baƙin mai na inji.

Abin da ya fi burge ni shi ne birki. Waɗanda suka girma da keke mai dainamo za su tuna cewa idan ka kwantar da kan dainamo a jikin taya, fitila ta kan kama, amma tuƙi ya kan yi nauyi. Faraday ɗin nan ne dai ya gano sirrin a shekarar 1831: in ka ba moto wuta zai juya, in kuma ka juya shi da ƙarfi zai ba ka wuta. Idan direban mota mai lantarki ya ɗaga ƙafa daga totur, ko ya taɓa birki a hankali, tayoyi ne suke koma juya moto, moto ya zama janareta, nauyin da hakan ya haifar ya rage gudun mota, wutar da aka samu kuma ta koma batir. Direban da ya gangaro daga Jos zuwa Akwanga a motar fetur, ƙarfin gangaren duka a takalmin birki yake ƙonewa, har ka ji ƙauri. A mota mai lantarki wani kaso nasa ajiya yake komawa. Idan aka haɗa lissafi, fiye da kashi 75 cikin 100 na wutar da aka zuba wa motar yana isa taya.

Iyakar abin ke nan. Ina kalmar da ta gagara? Batir da inbata da moto duk suna bakin mai gyaran janareta a Sabo, kuma Hausa ta daɗe da yi musu kaciya ta sa musu suna, kamar yadda ta yi wa alƙalami da littafi da suka zo daga Larabci.

Akwai kuma masu cewa ai yayi ne na Turawa, gobe zai wuce. Waɗannan tarihi ne bai ishe su ba. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa a duniya mai lantarki ce, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa ta a Faransa a shekarar 1899. A wajen 1900 kimanin kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Abin da ya kayar da su sananne ne. An haƙo mai da yawa a Texas daga 1901, ya yi araha. Henry Ford ya fito da motarsa mai rahusa a 1908. A 1912 kuma aka sa wa motar fetur sitata, aka huta da wahalar juya hannu, kuma abin dariya, sitatan nan kansa ƙaramin moto ne mai lantarki. Batir na wancan zamani na dalma ne, ga nauyi ga saurin ƙarewa, saboda haka ya sha kaye. Abin da ya sauya labari shi ne batirin litiyam. Stanley Whittingham ya aza harsashinsa a shekarun 1970, yana ma'aikacin kamfanin mai na Exxon. John Goodenough ya inganta shi a Oxford a 1980, Akira Yoshino na Japan ya mai da shi abin da za a iya sayarwa a 1985, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun sun sami kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97. A shekarar 2024 an sayar da motocin da ake yi wa caji fiye da miliyan 17 a duniya, watau fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar sabuwa, mafi yawansu a ƙasar Sin. A Norwe, ƙasar da ita ma mai take haƙowa kamar mu, kusan tara cikin goma na sababbin motocin wannan shekara masu lantarki ne zalla. In an ce waɗannan masu kuɗi ne, to, Habasha fa? A 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal, domin ta gaji da kashe kuɗin waje a kan mai alhali tana da wutar madatsun ruwa.

Yanzu sai mu dawo ga dariyar dattijo, domin a cikinta akwai gaskiya, kuma raddin da ya ɓoye gaskiyar abokin gaba bai cika raddi ba. Wutarmu ba ta isa ba. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ta shafe shekaru tana rabon megawat 4,000 zuwa 5,000, babban layi kuma yana faɗuwa sau da yawa a shekara. Wanda zai kunna ƙaramin janareta ya yi wa mota caji ya yi aikin baban giwa, domin ya koma ƙona fetur ɗin da ya gudu, a cikin injin da ya fi na mota almubazzaranci. Idan mota miliyan ɗaya za ta sha yunit goma-goma a kullum, abin da za su ci ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar da ake rabawa. Wanda zai tashi daga nan zuwa Kano a yau, zai sha wuya kafin ya sami inda zai yi caji a hanya. Duk na yarda.

Amma mu yi lissafin aljihu. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 10 a kilomita 100. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Kilomita 100 ta zama naira 10,000 ke nan. Mota mai lantarki matsakaiciya tana cin yunit 15 zuwa 20 a wannan tazara, irin yunit ɗin da muke saye a mita. A watan Afrilu na 2024 an kai kuɗin wuta na rukunin da ya fi kowane tsada naira 225 a yunit, aka yi ta kuka. Ko da wannan farashi, yunit 20 naira 4,500 ne, bai kai rabi ba. Kuma akwai bambancin da ya fi wannan girma. Babu wanda zai iya tace fetur a bayan gidansa, amma kowa yana iya shimfiɗa farantin sola a kan rufinsa. A 2021 an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma wanda ke shugabantar hukumar da ta gina ta a lokacin shi ne Jelani Aliyu, Basakkwace, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka. A Maiduguri, garin da ya yi watanni da yawa babu wutar gwamnati bayan an fasa turakunta a 2021, wani matashi, Mustapha Gajibo, ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir da moto suna ɗaukar fasinja. Shi bai jira wuta ta ishe shi guga ba.

Kuma wa ya ce sai zuwa Kano? Dattijo ya auna abin da tafiyar da yake yi sau biyu a shekara, ya manta da 'yan'uwanmu da suka cika garuruwan kudu suna acaɓa da tuƙin keke mai ƙafa uku. Yaron da ke zagaye cikin gari tun asuba, mai shi ne yake cinye kaso mafi tsoka na abin da ya samu. A Kigali da Kwatano da Lome akwai babura masu lantarki da ba a jiran caji: ka je rumfa, ka ajiye batirin da ya ƙare, ka ɗauki cikakke, ka biya, cikin 'yan mintoci ka koma hanya. Wannan yaro shi ne abin ya fi shafa, kuma shi ne ba ya karanta Turanci. In mu da muka iya karatun muka tsaya dariya, wa zai gaya masa yadda zai bambance batir mai kyau da gawa?

Kada kuma ɗalibaina masu yawo da hoton Tesla a waya su ɗauka na shigo rundunarsu. Su ma da su nake. Sun haddace cewa mota ce mai tsabta, mara hayaƙi, suna maimaitawa kamar karatun aku. Ba ta da salansa, gaskiya ne, amma hayaƙinta yana can inda aka samar da wutar, kuma mafi yawan wutar Nijeriya daga ƙona iskar gas take fitowa, saura daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Ko da haka ta fi motar fetur sauƙin ɓarna idan aka auna dukkan rayuwarta. Sai dai akwai wani datti da ba a gani a hoton talla. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya, ma'adinin da ke cikin batura da yawa, daga Kwango ta Kinshasa yake fitowa, kuma an daɗe ana ba da labarin yara da ke shiga ramuka a yankin Kolwezi. Yanzu ana yin batura masu yawa da ƙarfe da fosfet ba tare da kobal ba, amma litiyam dai babu makawa.

A nan ne maganar ta shigo gidanmu. Akwai dutsen litiyam a Nasarawa da Kogi da Kwara da Kaduna da wasu jihohi. A watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa, ta wani kamfanin ƙasar Sin. A ƙarshen wannan shekara kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aiki a ramukan haƙa na bayan fage a jihar, suna fasa dutse suna tsincewa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dutsen nan ana loda shi a buhu, ya bi ta tashar jirgin ruwa, a tace shi a ƙasar Sin, wadda ita ce ke tace mafi yawan litiyam na duniya, ya dawo mana a cikin waya da batirin sola da kuɗi ninkin-ba-ninkin. Mai karatu, wannan labari bai yi maka kama da wanda ka taɓa ji ba? An kwashe kuza a Jos aka bar mana kududdufai masu cin mutane. An tara dalar gyaɗa a Kano aka loda a jirgin ƙasa. An sami mai a Oloibiri a 1956, muka yi shekaru muna sayar da ɗanye muna sayen tatacce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, saboda iyayensu suna niƙa dutsen zinariya a tsakar gida ba su san abin da ke cikinsa ba, kuma babu wanda ya gaya musu da harshen da suke ji. Rashin sani ya fi dare duhu. Yaron da ke fasa farin dutse a Nasarawa bai san cewa shi ne tankin motar da muke yi wa dariya ba, dillalin da ke saye kuwa ya sani sarai. Mai dariya da mai bautar Tesla duk sun taimaki dillali, domin babu ɗayansu da ya tambayi inda batir ya fito.

Saura haɗari biyu da ke tafe, ko mun so ko mun ƙi. Na farko, mu kasuwar gwanjo ce. Motocin da Turai da Amurka da Sin suka gama yayi a nan suke ƙarewa. Batir yana tsufa, kuma zafi ne babban abokin gabansa. Kamfanoni sun saba ba da lamunin shekara 8 ko kilomita 160,000, wanda ke nufin motar da za ta iso mana a matsayin tokumbo ta riga ta fita daga lamuni ko tana gab da fita. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, ba ta da na'urar sanyaya batir da ruwa, kuma a 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka yi ta ƙorafin batirinsu ya yi saurin rauni. Wanda ya san wannan zai tambaya kafin ya kai irinta Sakkwato ko Nguru. Wanda bai sani ba zai duba fenti da kujeru ya biya, alhali abin da ya fi komai tsada a jikin motar ya mutu.

Na biyu ya fi ba ni tsoro. Batirin motar fetur bolt 12 ne, makaniki yana gwada shi da sifana ya ga tartsatsi ya yi murmushi. Babban batirin mota mai lantarki wajen bolt 400 ne, wasu 800, kuma wayoyinsa an yi musu launin ruwan lemo domin gargaɗi. Wanda ya taɓa su yadda ya saba ba lallai ya tashi ba. In kuma batirin ya huje ya kama wuta, kashe ta yana da wuyar gaske, ta kan ma sake tashi bayan an zaci ta mutu. Garejinmu cike suke da yara masu koyon aiki da ido da kunne, ba da littafi ba. Takardar gargaɗin da ke jikin motar da Turanci ko Sinanci take. Ranar da irin wannan mota ta fara tsayawa a gaban Malam Bakanike, da wane harshe za a ce wa yaronsa kada ya taɓa?

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma daga wannan sashe namu nake nemansa, ba daga gwamnati ba. Muna tura ɗalibai kowace shekara su rubuta kundin digiri a kan salon mawaƙin da aka riga aka yi wa kundi goma. A ba mutum biyu ko uku daga cikinsu su shiga gareji da rumfunan masu haɗa sola, su tattaro kalmomin da masu aikin suka riga suka raɗa, su zauna da abokan aikinmu na sashen injiniya a tantance ma'ana, a fitar da ɗan littafi mai shafi arba'in da hotuna, wanda ɗan acaɓa da yaron gareji za su iya karantawa, a kuma karanta shi a rediyo domin waɗanda ba su yi boko ba. Marubutan wannan mujalla kuma, da ke cika mana shafuka da soyayyar ɗan sarki da 'yar talaka, ga ramin litiyam can a Nasarawa da yaro a cikinsa, babu wanda ya ba shi suna a labari tukuna.

Na kai wa dattijon daftarin wannan maƙala kafin in miƙa wa edita, domin ba na son ya fara ganinta a bugu. Ya karanta a gabana, ya gyara mini rubutun kalma biyu, ya ce misalin lugude ya yi, amma na makiyayi da shanu akwai gyara, domin Bafulatani ba ya barin shanunsa su bi gada shi ya bi ruwa. Ya ce zai kawo nasa misalin a fitowa ta gaba. Na roƙi edita ya ajiye masa shafi huɗu.